Maganin Sallamar Ƙarya A Ƙofar Kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, a cikinta kuwa akwai ƙwaya wadda ake kira kanel. Ita ce ke karɓar duk saƙon da ya shigo daga intanet kafin ya kai ga sauran manhajoji. Wannan darasi ya shafi kanel ta Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan cikin 1991.

Kafin na'urori biyu su fara zance sai sun yi gaisuwa hawa uku. Baƙuwa ta yi sallama, mai masauki ta amsa, sa'an nan baƙuwar ta tabbatar. Tsakanin amsa da tabbatarwa kanel takan keɓe wa baƙuwar gurbi a jerin masu jira. Guraben nan kuwa ƙidayayyu ne.

To, nan mugu ke samun kafa. Sai ya yi ta aiko da sallama dubu bisa dubu da adireshin ƙarya, ba ya tabbatar da ko ɗaya. Gurabe su cika, mai gaskiya ya zo ya rasa wuri. Haka aka yi wa Panix, wani kamfanin intanet na birnin New York, cikin watan Satumba na 1996, har aikinsa ya tsaya kwanaki.

A shekarar nan Daniel Bernstein da Eric Schenk suka fito da dabara. In jeri ya cika, kanel ba ta ƙara keɓe gurbi, sai ta dunƙule bayanin baƙuwa cikin lambar da take amsawa da ita. Wadda ta komo da lambar daidai, ita ake buɗe wa ƙofa.

Linux da yawa suna zuwa da dabarar a kunne, amma lalle ne mai kula da na'ura ya duba da kansa. Ya buga sysctl net.ipv4.tcp_syncookies. In ya ga 1, madalla. In ya ga 0, sai ya buɗe sabon fayil mai ƙarewa da .conf cikin /etc/sysctl.d, ya rubuta net.ipv4.tcp_syncookies = 1, kana ya buga sysctl --system. Rubutawa cikin fayil ke sa gyaran ya zauna ko an kashe na'ura an kunna.

Sai dai a sani, in ambaliyar saƙo ta toshe layin kansa, dabarar ba ta isa ba. Nan sai a nemi taimakon kamfanin da ke ba da layin.