Shawara Kan Hanyoyin Kamuwa da Ciwon Hanta Nau'in C

A Yauri da Ngaski da Shanga, wasu masu ciwon hanta nau'in C kan ɗora alhakin cutar a kan sammu ko shan ruwan tafkin Kainji, alhali ƙwayar cutar ta jini take yaɗuwa: ta allurar da aka sake amfani da ita, da askar wanzami wajen kaciya ko ƙaho, da ƙarin jinin da ba a tantance ba. Da yake takan ɓuya shekaru tana lalata hanta, wajibi ne wanda ya bi ta waɗannan hanyoyi ya je asibiti a gwada jininsa. Cutar ba ta da allurar rigakafi, amma magungunan zamani na mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari.