Darasi na 17: Ran da Helma Ya Makara

Yawancinmu da mu ke zuwa wannan aji da dare, da rana a ƙarƙashin wani mu ke aiki. Waɗansu leburori ne, waɗansu birkiloli, waɗansu yaran kanti, waɗansu masinjoji. Kowa da na gaba da shi. To, yau za mu yi magana a kan abin da ya kan ɓata mana rai ƙwarai, watau na gaba ya zama mai makara ko mai saɓa alkawari.

Bari mu ɗauki wurin gini, don shi muka fi sani. An ce mu hallara da ƙarfe 7. Mun yi sammako, waninmu ko koko bai tsaya sha ba. Mun iso, sito a kulle. Siminti yana ciki, shebur da baro suna ciki, mabuɗi kuwa yana aljihun helma. Ƙarfe 8 ya yi, shiru. Ƙarfe 9 ya yi, shiru. Sai wajen 10 ga shi nan tafe, ba sannu, ba ban haƙuri. Ya buɗe sito ya ce, "Maza, maza, rana ta yi!" Sai ka ce mu muka hana shi fitowa.

Abin da ciwo. Aikin da za mu yi da sanyin safiya ya koma tsakar rana. Wanda ya ɗauki jinga kuwa, awa uku sun tafi a banza, ba mai biyansa. Ba mu ce kada ran mutum ya ɓaci ba. Ɓacin rai dole ne. Abin da za a yi da shi, shi ne magana.

Mun taɓa aiki da wani saurayi mai zafin kai. Ya ce tun da helma ya ke zuwa 10, shi ma 10 zai riƙa zuwa. Kashegari, kamar da gangan, helma ya riga kowa. Aka kira suna, saurayi ba ya nan, aka sa masa fashi. Da ya yi gardama aka ce ya kawo shaida cewa helma ya saba makara. Ba shi da ita. Laifin helma ya ɓace, nasa ya fito fili.

Wani kuma ba zai ce wa helma kome ba, sai ya juya kan yaron da ke miƙo masa bulo, ko ya koma gida ya yi ta yi wa iyali tsawa. Wannan shi ne haushin kaza huce kan dami. Yaron nan shi ma tun 7 ya ke tsaye.

To, me za mu yi kafin ya iso? Akwai aikin da ba ya bukatar mabuɗi. A cika durom da ruwa. A rairaye yashi. A ba sabon bulo ruwa, gama bulon da aka buga yana son ruwa safe da yamma har wajen kwana 7 kafin ya yi ƙwari. Amma ko an sami buhu a waje, kada a kwaɓa siminti sai mai nuna wurin zubawa ya zo. Siminti in ya sha ruwa, cikin awa ɗaya ko biyu ya fara ƙamewa. Buhu mai kilo 50 in ya lalace, da mu za a yi rigima, ba da wanda ya makara ba.

Sa'an nan ga inda karatunmu zai yi mana rana. Kowa ya sayi ɗan littafi da fensir, ya ajiye a aljihu. Kullum ya rubuta kamar haka:

Litinin 3 ga wata. Na zo 7. An buɗe sito 10. Na tashi 5.

Talata 4 ga wata. Na zo 7. Helma bai zo ba. Na jira har 12.

Layi ɗaya ne kawai, ba ya cin minti biyu. Amma a rubuta shi a ranar, kada a bari sai ƙarshen mako, kuma a rubuta gaskiya. Ran da mu muka makara, ita ma a sa ta. Littafin da ba ya nuna laifin mai shi, ba wanda zai gaskata shi.

Ga amfaninsa. A Nijeriya akwai Dokar Ƙwadago ta 1974. Ta shafi masu aikin ƙarfi da akawuna, ko an ɗauke su da takarda ko da baki. Sashe na 17 ya nuna cewa in ma'aikaci ya zo ranar aiki, lafiyarsa lau, wajibi ne mai aiki ya ba shi aiki. In bai ba shi ba, sai ya biya shi ladan wannan rana kamar ya yi aikin. In kuwa wani abu ne ya auku wanda ya fi ƙarfin mai aikin, na ɗan lokaci, to ladan ranar farko kaɗai za a biya. Barcin helma ba ya cikin abin da ya fi ƙarfin kowa. Sai dai mu lura, wannan ga wanda aka riga aka ɗauka ne. Wanda ya tsaya bakin hanya yana jiran mai ɗauka, ba ya ciki.

A ce ladanmu naira 5,000 ne a yini. Mun zo kwana 6, helma ya yi fashi kwana 2, aka ba mu na kwana 4, watau 20,000. Saura 10,000 ke nan. Wanda bai rubuta ba sai rantsuwa. Wanda ya rubuta sai ya buɗe littafi.

Dokar nan kuma ta ce kada a wuce wata 3 da fara aiki ba a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa ba, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya.

Amma ba da doka a kan fara ba. Da magana a kan fara, kuma ba a gaban jama'a ba. Mutum in an kunyata shi gaban yaransa, ko ya san bai kyauta ba, ba zai amsa ba. A bari rana ta yi sanyi, a tura dattijon cikinmu ya ja shi gefe. Ya ce, "Maigida, lafiya dai kwanan nan? Mun ga ana riƙe ka da safe." Wataƙila ɗan kwangila ne ke aikensa sayen kaya, ko kuwa da majinyaci a gida. Wataƙila kuma ba kome, hali ne. Ko wanne ne, sai dattijo ya kawo shawara: "Da za ka bar mabuɗi wurin mai gadi, ka gaya wa babban birkila aikin gobe tun yau, da ka iso ka tarar mun yi nisa." Sau da yawa a nan maganar ta ke ƙarewa, domin shi ma helma akwai mai tambayarsa in gini bai tashi ba.

In an yi haka sau biyu bai sake ba, sai a je wurin na gaba da shi. A tafi mutum biyu ko uku da littattafansu, kuma a gaya wa helma za a je, don kada abin ya zama tsegumi. Can ma kada a ce, "Helma mugu ne." A ce, "Ranka ya daɗe, cikin kwana 12, sau 7 aka buɗe sito bayan ƙarfe 9." Mai kuɗi ya fi jin wannan, gama aljihunsa aka taɓa. In kuma hakki ne aka danne, akwai ƙungiyar ma'aikata ga mai ita, akwai ofisoshin Ma'aikatar Ƙwadago a jihohi, akwai kuma Kotun Ma'aikata wadda aka kafa a 1976.

Wani lokaci duk an yi, sai dai barin aikin. To, kada a ajiye shebur a tafi haka nan. Doka ta yanka notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya in ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya ga mai shekara 5 ko fiye. Notis na mako ɗaya ko fiye kuwa a rubuce a ke ba da shi. In da hali, a sami wani aikin tukuna.

Aikin gida: ran Alhamis kowa ya zo da littafinsa, ya rubuta kwana uku na wannan mako. Wanda bai iya rubuta sunayen ranaku ba tukuna, ya zo da wuri, malami zai rubuta su a allo.