Hoton Ango da Amarya: Kunya Ba Ita Ce Matsalar Ba

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan damuwar. Ango da amarya sun sha ado, ga shadda ga leshi, ƙunshi ya kama, amma da zarar an ɗaga kyamara sai su sandare. Ango ya ƙame, hannuwa a gefe, amarya ta sunkuyar da kai har fuskarta ta ɓace cikin mayafi. Galibin masu sana'ar kan ɗora laifin a kan kunya, sai su nemi maganinta wajen kwaikwayon abin da suke gani a Instagram: a ce ango ya rungumo ta, a ce ta kwantar da kai a ƙirjinsa. Abin da ke fitowa ya fi na farko muni, domin jikin da aka tilasta wa abin da bai saba yi a gaban mutane ba, ba ya iya ɓoyewa. Kafaɗa ta ɗage, yatsu su miƙe, murmushi ya tsaya a leɓe bai kai ido ba. A ganina kunyar nan ado ce, kuma ita ce ya kamata a ɗauka. Abin da ke sandarar da mutum shi ne a tsayar da shi babu abin yi, a zuba masa ido, a ce ya yi murmushi.

Saboda haka maganin farko shi ne a ba su abin yi. A ce su tako a hankali kafaɗa da kafaɗa, ango yana tuna mata ranar da ya fara zuwa zance gidansu, da muryar da mai hoto ba zai ji ba. A ce amarya ta gyara mayafinta ko ta dubi ƙunshin hannunta, ango ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa ko ya daidaita karin hularsa. Hannu shi ne ke fara tona asirin mai fargaba, kuma da ya samu aiki sai sauran jiki ya saki. A riƙa ɗauka a jere ba tsayawa, domin hoton da ya fi kyau yakan zo ne lokacin da dariya ta fara lafawa. Kallo ma yana ɗaukar abin da runguma ba ta ɗauka: ango yana dubanta, ita ta kawar da ido tana murmushi, wannan kowane Bahaushe ya san ma'anarsa. Sai dai ba za a samu haka ba muddin ƙawaye da abokan ango sun yi cincirindo suna tsokana, balle a ce dangin miji na wurin. A bar ƙawa ɗaya mai gyara mata kaya, sauran su ba da wuri.

Sai kuma tsayuwar kanta. Kada su fuskanci kyamara ɗoɗar, su ɗan karkata zuwa ga juna, nauyin jiki a kan ƙafar baya, haɓa ta ɗan fito gaba ta yi ƙasa kaɗan don wuya ya fita. Duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ya fi girma a hoto, kuma babbar riga tana da faɗin da kan haɗiye amarya, don haka a sa ta gaba da taku ɗaya, ango a bayanta ta gefe. A nan ne gilashin kyamara ke yin aikin da ake neman runguma ta yi. Idan mai hoto ya ja da baya ya yi amfani da gilashi mai janyo nesa, kamar mai milimita 85, tazarar da ke tsakaninsu takan tsuke a ido, su fito kusa da juna alhali ba su taɓa juna ba. Wanda ya matso da waya dab da fuska kuwa zai kumbura hanci da hannu. A guji tsakar rana, lokacin da hula da gwaggwaro ke jefa inuwa a ido. Hantsi ko bayan la'asar sun fi. Farar shadda kuma tana ruɗar kyamara ta duhunta fuska, don haka a auna haske daga fuskar.

Wani zai ce tsara tsayuwa irin wannan ai shiri ne, ina ɗabi'a a ciki? Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, shi yake tsara yadda mutum zai karkata da inda zai ajiye hannu, amma har yau ana baje hotunansa a manyan biranen duniya saboda mutanen ciki sun fito da kamalarsu. Shiri ba ya kashe ɗabi'a idan an gina shi a kan yadda mutum ya saba zama da tsayuwa. Wani kuma zai ce masu biki ne da kansu ke zuwa da hoton da suke so a kwaikwaya, kuma su ke biya. Gaskiya ne, amma aikin gwani ya haɗa da ba da shawara. Hoton kafin aure ana ɗaukarsa ne ba a ɗaura ba tukuna, kuma shi ake bugawa a kalanda da jaka da kofi a raba wa mahalarta, ya shiga ɗakin iyaye da surukai, wata rana 'ya'ya su gani. Mai hoto ya faɗa musu wannan tun kafin ranar, ya ɗauki irin wanda aka bayyana a nan ya nuna musu a bayan kyamara, sannan ya bar su su zaɓa.