Sauyin Aiki da Sauyin Lamba: Injunan Gyaran Dogo da Ake Mayarwa Masu Jera Taragu

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne. A sha'anin jirgin ƙasa kuwa, lamba ita ce sunan kowane inji. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gane asalin injin gyaran dogo bayan an mayar da shi kan jirgi mai jera taragu, da dalilin sake masa lamba, da kuma inda al'amarin ya shafi Jihar Jigawa.

2.0 Dogo a Ƙasar Jigawa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kammala layin Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, musamman domin jigilar gyaɗa. Faɗinsa milimita 1,067 ne, kuma bai bi ta Dutse ba. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil, aka kuma tsara masa reshe zuwa Dutse mai faɗin milimita 1,435. Injin wancan layi ba zai hau wannan ba, don haka wajibi ne a san dangin kowane inji.

3.0 Yadda Ake Mayarwa

Injin gyaran dogo, kamar mai danƙare tsakuwa a ƙarƙashin layi ko mai ɗaukar ma'aikata, yakan tsufa a aikinsa alhali injinsa na dizal yana da sauran ƙarfi. Maimakon a yar da shi, sai a cire kayan aikinsa, a sa masa maƙalar taragu, a gyara birki, a ƙara masa nauyi. Dalilin ƙarin nauyin shi ne, a busasshen dogo, ƙarfin jan inji bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafunsa masu tuƙi ba. Daga nan aikinsa sai ya koma jawo taragu da jera su a harabar tasha ko ma'ajiyar jirage.

4.0 Hanyoyin Ganewa

Akwai shaidu uku. Ta farko ita ce lambar aiki da ake rubutawa da fenti, wadda ita ce mafi rauni, domin kowane sabon fenti yana iya shafe ta. Ta biyu, farantin masana'anta, mai ɗauke da sunan maƙera da shekara da lambar ƙira. Ta uku, lambar da akan buga a jikin ƙarfen gangar injin. Mai nazari sai ya gwama ukun da littafin rajista, watau kada ya dogara da fenti kaɗai.

5.0 Sake Lamba

Tsarin Turai ya isa misali. Can ana ba abin hawan dogo lamba mai alƙaluma 12. Biyun farko suna nuna iri: 92 kan jirgi mai dizal, 98 mai jera taragu na dizal, 99 kuwa injunan musamman irin na gyaran dogo. Biyu na biye suna nuna ƙasa, alal misali 80 Jamus, 87 Faransa. Na ƙarshe na tantance kuskure ne. Ke nan, bisa wannan ƙa'ida, injin da ya sauya aiki ya tashi daga rukunin 99 zuwa na 98. A Ingila ma, lokacin da aka sake wa kawunan jirage lamba daga 1973 domin shigar da su kwamfuta, an sa alƙaluman farko su nuna ajin kowanne.

Haɗarin yana wajen sakaci. In aka sake lamba ba a rubuta tsohuwar kusa da sabuwar ba, makaniki zai nemi kayan gyaran da ba su dace ba, direba kuma yana iya ɗora wa injin taragun da birkinsa ba zai tsayar ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa lambar aiki tana bin aikin inji, farantin masana'anta kuwa yana bin asalinsa. Duk ranar da aka buɗe ma'ajiyar jirage a Dutse, abin da ya kamata a fara tanada shi ne rajistar da za ta riƙe lambobin biyu tare, da faɗin layin kowane inji, da ranar da aka sauya masa aiki. Da ita ne ma'aikata za su tsira daga kuskure, manazarta tarihi kuma su sami abin dogaro.