Zuwa ga Samari da 'Yan Matan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni



Ƙwai ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar nan da daddare na tsaya teburin mai shayi a Court Road, na ga saurayi ya yanka albasa, ya kaɗa ƙwai ya soya, ya wanke kofuna, ba wanda ya ɗaga ido. Na san irinsa. In ya koma gida ya tarar da mahaifiyarsa kwance da zazzaɓi, ba zai ɗora tukunya ba, sai ya jira ƙanwarsa ta dawo daga Islamiyya, don kada abokai su ji su ce ya zama ɗan daudu. Hannun dai shi ne, kaskon ma irinsa ne. To me ya canja tsakanin bakin titi da madafi?

Akwai ilimi sukutum a kan irin wannan tambaya, ana karantar da shi a Jami'ar Bayero: ilimin zamantakewa. Wani Bafaranshe, Auguste Comte, ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa a 1838, amma tun 1377 Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima yadda sabo ke kama mutum har ya zame masa tamkar halitta.

Darasin wannan ilimi na farko shi ne tarbiyya, kuma ba ta iyaye kaɗai ba. Ba a haifi kowa da sanin durƙusa wa babba ba, ko miƙa abu da hannun dama. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ita ma koyon wannan alkunyar ta yi. Gida na koyarwa, makarantar allo da ta boko na koyarwa, majalisar ƙofar gida na koyarwa, kuma ni a ganina yanzu wayar da ke hannunku ta fi kowa yawan ɗalibai. Bulalar waɗannan malamai ba dorina ba ce. Harara ce, da gori, da dariyar abokai. "Mijin ta ce" kalma uku ce, amma ta hana maza da yawa ɗaukar shawara mai kyau.

A nan batun jinsi ya shigo. Ɗaukar ciki da shayarwa halittar Allah ce, ba gardama. Amma abin da muke kira aikin mata ko aikin maza, mutane ne suka raba shi, kuma rabon yakan sauya. Allurar da ake ɗauka ta mata ce a Ingila, a nan maza ne suka shahara da ita wajen ɗinkin aska takwas. Mata ke kaɗin zare, maza ke rini a Ƙofar Mata. Wanki aikin mace ne a tsakar gida, amma da an ce wanki da guga na kuɗi sai ka tarar da ƙato. Ku lura da kyau: sau da yawa kuɗi da bainar jama'a ne ke mai da aiki na maza.

Ba wai mata ba sa nema ba. Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, ita kuma Enid Schildkrout ta zauna a Kano bayan haka ta nuna cewa farantin tallar yara ne ƙafar wannan ciniki. Yarinya mai talla ta iya lissafin canji tun tana ƙarama, amma kujerarta a aji babu kowa.

A siyasa ma rabon ya sauya: matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan siyasa. A lokacin wasu sun rantse abin ba zai yiwu ba. Yau ku leƙa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya, ku ga magidanci na neman likita mace ta duba matarsa, alhali ya cire 'yarsa daga makaranta.

Ban ce ku yi watsi da al'ada ba. Kunya da zumunci dukiya ce. Roƙona shi ne, duk sanda aka ce muku "haka ake yi", ku tambaya cikin ladabi: addini ne, halitta ce, ko sabo? Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi wa iyalinsa hidima a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su karantar da mata.

Ke 'yata, riƙe littafinki. Kai kuma ɗana, in Inna ta kwanta, ashana na nan kan kanta.

Wassalam,
Kawunku a Darmanawa