Ƙarin Shekarun Ritaya da Kuɗin Fansho

Ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma an ɗaga wannan iyaka ga waɗansu ma'aikata. A 2012 aka mayar da ta farfesoshin jami'a shekara 70. A 2022 aka yi wa malaman makaranta doka, tasu ta koma shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. A 2023 kuma aka daidaita ta alƙalan manyan kotuna a kan shekara 70.

Abu na fari da ya kamata a lura da shi, waɗannan dokoki ba su shafi ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ba. Ma'aikacin masaƙa ko banki, takardar sharuɗɗan aikinsa ce ke faɗin ranar da zai sauka. In kamfani ya so ƙarawa, to, magana ce tsakaninsa da ma'aikatansa da ƙungiyarsu.

A da, kamfanin da ke biyan fansho yakan lissafa shi bisa albashin ƙarshe da yawan shekarun aiki, nauyin kuwa duk a wuyansa yake. In ya karye, tsofaffin ma'aikata su tashi a tutar babu. Dokar 2004 ta sāke wannan tsari, aka kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa, watau PenCom, kowane ma'aikaci ya sami asusu da sunansa. Bisa dokar 2014, ana yankar kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10.

To, ga amfanin ƙarin shekaru. A ɗauka Malam Wane ana lissafa masa Naira 100,000 a wata. Abin da ke shiga asusunsa Naira 18,000 ne, watau 216,000 a shekara. In aka ƙara masa shekara biyar, ya tara Naira 1,080,000 ke nan, ban da ribar da ake samu wajen juya kuɗin. Sa'an nan shekarun da za a raba masa dukiyar a kansu sun ragu, saboda haka abin da zai riƙa karɓa a wata ya ƙaru. Shekarun ƙarshe kuwa su ne masu tsoka, domin a lokacin ne albashi ya fi girma.

Sai dai wanda ya daɗe yana aiki lalle ya yi lissafi da kyau, gama iyakokin biyu ne, ba ɗaya ba. Malamin da ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai cika shekara 40 ta aiki yana da 62, nan zai sauka, ba zai ga 65 a bakin allo ba. Mutane da yawa lambar farko kaɗai suke ji, su gina shirinsu a kanta. Haka kuma wanda ƙarfinsa ya fara ja da baya, ba a ɗaure shi ba. Doka ta yarda wanda ya yi ritaya ya fara cin asusunsa muddin ya kai shekara 50.

Kamfani shi ma yana da nasa lissafin. Zai ci gaba da amfana da gwanintar tsohon hannu, amma zai ci gaba da biyan babban albashi, da kashi 10 ɗin nan, da inshorar rai wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara. Na ƙasa da shi kuma ƙarin girmansu zai jinkirta, tun da kujera ba ta faɗi ba.

Ƙarin shekaru ba shi da amfani in ana yankar kuɗi ba a kai su asusu. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya kai kuɗin. Ma'aikaci ya riƙa neman takardar bayanin asusunsa daga kamfanin da ke kula da fanshonsa, in ya ga watan da ba a zuba ba, ya kai ƙara ga PenCom tun yana bakin aiki.