Darasi Na 14: Mura Da Motsa Jiki

In hunturu ya kama, mura ta kan yawaita a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ƙarama ainun, ido ba ya ganinta. Korona da ta zo a 2020 ita ma irin wannan ƙwaya ce.

Duk sa'ad da tsokar jiki ta yi aiki, ta kan zuba waɗansu sinadarai cikin jini. A 2003 wata likita ta ƙasar Danmak, Bente Pedersen, ta sa musu suna mayokain. Su kan taimaka wajen rage kumburi na cikin jiki. Motsi kuma ya kan ta da fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Saboda haka masana su ke ganin motsi kaɗan zai iya taimakon mai murmurewa.

Amma ku kula. Mai zazzaɓi ko ciwon ƙirji ya kwanta, ya sha ruwa da yawa. Kada ya tafi ɗibar auduga don gudun a ce masa raggo. Bayan zazzaɓi ya sauka, ya fara tafiya a hankali daga zaure zuwa bakin rijiya. Kashegari ya ƙara kaɗan. In numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan.